Lardin A Coruña: Labaran da Ake Ba Baƙo da Abin da Tarihi Ya Tabbatar

Masu bin ƙwallo a cikinmu sun san sunan A Coruña tun shekarar 2000, lokacin da ƙungiyar Deportivo ta ɗauki kofin Laliga. Birni ne a bakin Tekun Atilantika, kuma sunan lardi guda daga cikin huɗu na yankin Galisiya a arewa maso yammacin Sifaniya. Ƙasa ce mai ruwan sama da korayen duwatsu, mutanenta suna da harshensu wanda ɗan'uwan harshen Fotugal ne. Dubban ɗaruruwan baƙi na zuwa kowace shekara, kuma kowane wurin tarihi yana da labarin da ake ba su. Wasu labaran gaskiya ne, wasu kuwa an gaje su ne kawai daga baki zuwa baki.

Mu fara da hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya a bakin birnin. Ana cewa Harkulis, jarumin tatsuniyar Girkawa, shi ya gina ta bayan ya kashe wani ƙato mai suna Jeriyon ya binne kansa a ƙarƙashinta. Tambarin birnin ma yana ɗauke da hasumiyar da ƙoƙon kai a gindinta. Wannan tatsuniya ce, kuma ta yaɗu ne ta littafin tarihin da Sarki Alfonso na 10 ya sa aka rubuta a ƙarni na 13. Rumawa ne suka gina hasumiyar, tsakanin ƙarshen ƙarni na 1 da farkon ƙarni na 2 miladiyya. A gindinta akwai rubutu a jikin dutse mai ɗauke da sunan wani magini, Gaius Sevius Lupus, mutumin garin da yanzu ake kira Coimbra a Fotugal.

Akwai kuma abin da yawancin masu ɗaukar hoto ba su lura da shi ba: bangon da suke gani ba na Rumawa ba ne. A 1788 aka ba injiniya Eustaquio Giannini aikin gyaran ginin, ya lulluɓe tsohon da sabon dutse, ya ƙara masa tsawo har ya kai mita 55. Wanda ya matso kusa zai ga wata 'yar ɗamara ta dutse da ta kewaye ginin a karkace daga ƙasa zuwa sama. Giannini ya yi ta ne don nuna inda tsohuwar hanyar hawa take, wadda ake bi a kai makamashin wuta can ƙololuwa. Cewa ita ce hasumiyar Rumawa mafi daɗewa da har yau take aiki, wannan gaskiya ne, kuma UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2009.

Tsinin Fisterra, mai tazarar kimanin kilomita 90 daga birnin Santiyago, ana tallarsa a matsayin ƙarshen Turai ta yamma. Ba haka ba ne. Cabo da Roca na Fotugal ya fi shi shiga teku, kuma ko a lardin kansa tsinin Touriñán ya ɗara shi. Ƙona tufafi a Fisterra bayan doguwar tafiyar ziyarar ibada, da ake kira tsohuwar al'ada, hukuma ta haramta shi saboda gobarar daji.

A ƙauyuka baƙo zai riƙa ganin wasu dogayen ɗakuna na dutse a kan ginshiƙai, da gicciye a saman rufi. Da yawa sukan ɗauka kaburbura ne ko ɗakunan ibada. Rumbuna ne na ajiye masara, tamkar yadda manomin ƙasar Hausa yake ɗora rumbunsa kan duwatsu don gudun laima da gara. A kan kowane ginshiƙi akwai faffaɗan faifan dutse da ke hana ɓera hawa, bangon kuma an bar masa siraran tsagu don iska ta ratsa ta busar da hatsi. Na garin Carnota ya haura mita 30 a tsawo, an fara gina shi a 1768.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne Santiyago de Compostela. Mabiya ɗarikar Katolika sun yi imanin cewa a babbar majami'ar birnin aka binne Yaƙubu ɗan Zabadi, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa goma sha biyu. Imani abin girmamawa ne, kuma shi ya gina birnin. Abin da tarihi ya iya tabbatarwa shi ne an kashe Yaƙubu a Ƙudus wajen shekara ta 44, sannan an gano wani tsohon kabari a Galisiya a farkon ƙarni na 9, zamanin Sarki Alfonso na 2. Kusan shekara 800 ne tsakanin abubuwan biyu. An fara ginin majami'ar yanzu a 1075, aka keɓe ta a 1211, amma fuskarta da ke kan katin hoto aikin ƙarni na 18 ne.

Mu da muka karanta tarihin Andalus muna da abin sauraro a nan. Ana yawan cewa Almansur bin Abi Amir, jagoran mayaƙan Andalus, ya shafe komai a Santiyago. Ya kai harin a 997, ya ƙona garin da majami'ar wancan lokaci, kuma tsoffin littattafai sun ce an kwashi ƙararrawoyinta zuwa Ƙurɗuba, inda suka zauna har Kiristoci suka ci birnin a 1236. Amma kabarin bai taɓa shi ba, kuma majiyoyin Larabawa da na Kiristoci sun haɗu a kan haka. Akwai kuma gumakan Yaƙubu bisa farin doki da takobi, wai ya bayyana ya taimaki Kiristoci a yaƙin Clavijo a 844. Masana tarihi sun daɗe da cewa wannan yaƙi bai auku ba. Takardar da ta ba da labarinsa an ƙirƙire ta a ƙarni na 12, kuma da ita aka ɗora wa manoma harajin hatsi na majami'ar, wanda majalisar dokokin Sifaniya da ta zauna a Cádiz ta soke a 1812. A ganina wannan ita ce jita-jitar da ta fi cutarwa, domin talakawa sun biya kuɗinta ɗaruruwan shekaru, kuma ta shuka ƙiyayya tsakanin mabiya addinai biyu.

Saura gaɓar da ake kira Costa da Morte, wato Gaɓar Mutuwa, saboda yawan jiragen da suka nutse a wurin. Labari ya yaɗu cewa mutanen ƙauyukan kan ɗaura fitilu a ƙahon shanu da dare don su yaudari matuƙa su faɗa kan duwatsu, su kuma su kwashi kaya. Babu shaidar da ta tabbatar da wannan zargi, kuma zalunci ne ga masunta waɗanda su ma teku ke cinye 'ya'yansu. Hazo da guguwa da duwatsun ƙarƙashin ruwa sun isa su bayyana haɗurran. A watan Nuwamba na 1890 jirgin sojan Ingila mai suna Serpent ya tarwatse kusa da Camariñas, fiye da mutum 170 suka mutu, uku kacal suka tsira. Mutanen ƙauyukan ne suka kula da ukun, suka tsamo gawarwaki suka binne a bakin teku, a wurin da yau ake kira Maƙabartar Ingilishi. Rundunar ruwan Ingila ta aiko wa garin da na'urar auna yanayin iska don godiya, kuma bayan shekara shida, a 1896, aka kunna sabuwar hasumiyar Cabo Vilán mai aiki da lantarki a wannan gaɓa.