Motar Tafi-da-Gidanka a Tsakiyar Hunturu: Na'urorin da Ke Riƙe Ran Matafiyi

Idan kana yawan leƙa YouTube ko TikTok, wataƙila ka taɓa cin karo da masu ɗora ƙaramin ɗaki a bayan motar a-kori-kura, da gado da murhu da firji a ciki, su kama hanya su yi makonni suna tafiya. A Amurka da Kanada wannan sanannen abu ne. Yawancinsu a lokacin zafi suke fita, amma akwai masu ƙarfin halin da ke fita a tsakiyar hunturu.

Mu ɗauki Babbar Hanyar Alaska a matsayin misali. An gina ta a 1942, ta tashi daga garin Dawson Creek na Kanada ta ƙare a Delta Junction a jihar Alaska, tsawon kusan kilomita 2,230. Kamar ka tashi daga Kano ka je Legas ka dawo ke nan. A watan Janairu sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifili a wasu sassanta, alhali firizar gida a 18 ƙasa da sifili take tsayawa. A irin wannan yanayi, abin da ya fi damun matafiyi shi ne wuta: daga ina za ta zo, kuma za ta kai shi safe?

Batir ba ya shiri da sanyi

Batirin ɗakin, kamar na wayarka, sau da yawa na litiyom ne. Sanyi yana rage saurin haɗuwar sinadaran da ke cikinsa, shi ya sa waya kan mutu farat ɗaya tana nuna sauran caji. Kamfanin Apple ma ya ce an tsara iPhone ta yi aiki ne tsakanin digiri 0 zuwa 35.

Matsala mafi girma tana wajen caji. Idan aka tura wa batirin litiyom wuta alhali sanyinsa ya yi ƙasa da sifili, litiyom ɗin yakan daskare a jikin farantin ciki, kuma wannan lahani ba ya gyaruwa. Saboda haka batira masu inganci suna da na'urar da ke yanke caji da kanta, wasu kuma suna ɗumama kansu kafin su karɓi wuta. Matafiya kan ajiye batirin a cikin ɗaki inda akwai ɗumi, waya da fawa-bank kuma su kwana da su cikin bargo.

Sola kaɗai ba ta isa

A garin Fairbanks na Alaska, tsawon yini a ƙarshen Disamba bai kai awa 4 ba, rana tana can ƙasa-ƙasa, ga dusar ƙanƙara ta lulluɓe farantan sola. Mafita ita ce cajar da ke jan wuta daga injin motar yayin tafiya ta zuba a batirin ɗaki.

Ga ɗan lissafi. Batir mai 100Ah a kan bolt 12 yana ɗauke da kusan 1,200Wh, wato zai iya cika waya mai 5,000mAh kusan sau 60. Ka ga kamar wuta ce mai yawa. Amma na'urar da ke cin wat 30, idan ta yi awa 10 a kunne, ta cinye kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙara fankar hita da fitilu da firji, sai ka ga dare ɗaya ko biyu sun ƙarar da shi. Idan batir ya mutu kuwa, hita ma ta mutu, domin ko da dizal ko gas take ƙonawa, fankarta da lantarki take juyawa.

Ɗumi da haɗarinsa

Kowane makamashi da halinsa a sanyi. Gas ɗin butan yana daina fita daga tukunya a kusa da sifili, furofan kuwa yana jurewa har wajen 42 ƙasa da sifili. Dizal yana yin kauri ya toshe matatar mai, shi ya sa gidajen man yankin ke sayar da na hunturu. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 ya fasa bututu, don haka da yawa sukan zubar da na tanki su koma jarka.

Babban makashi shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska ba ta wuce tafin hannu ba, amma ba a kwana sai da ita, kuma ana barin ƙaramar kafar iska a buɗe komai sanyi.

Idan sabis ya ɗauke

Akwai dogayen zango a hanyar da babu netwok ko kaɗan. GPS ba ya buƙatar data, abin da ke buƙatarta ita ce taswirar, saboda haka ana sauke taswirar Google Maps a waya tun kafin a tashi. Domin neman agaji kuma, akwai Garmin inReach mai tura saƙo ta tauraron ɗan'adam, sannan daga iPhone 14 ta 2022 wayoyin Apple suna iya aika saƙon gaggawa ta tauraro a Amurka da Kanada. Masu son cikakken intanet suna ɗaukar Starlink Mini, sai dai ita ma daga batirin take ci.

Me za ka ɗauka daga nan?

Ko ba za ka taɓa taka ƙanƙara ba, abubuwa uku sun shafe ka. Batirin wayarka yana lalacewa da zafi kamar yadda yake wahala da sanyi, don haka kada ka yi caji a rana ko a cikin motar da aka rufe. Sauke taswira kafin doguwar tafiya. Sannan iskar da ake tsoro a wancan ɗaki ita ce dai ke fita daga janareta da kaskon gawayi. Idan sanyin hunturu ya zo, kada ka kwana da ko ɗaya daga cikinsu a ɗakin da ke rufe.