Hof: Furen Da Darajarsa Ke Wurin Shanya

Akwai wata shuka da ba mu da sunanta a Hausa, saboda ba ta fitowa a ƙasarmu, amma da yawanmu mun ɗanɗana ɗacinta ba da saninmu ba, domin ana zuba ta a wasu lemukan malt marasa barasa da ake rabawa a gidajen biki da suna. Turawan Ingila na kiranta hop, Jamusawa na cewa Hopfen, masana tsirrai kuwa Humulus lupulus, kalmar ƙarshen na nufin ƙaramin kyarkeci a Latin. Tunda bakin Bahaushe bai saba da harafin p ba, zan kira ta hof. Babban aikinta a Turai shi ne haɗa giya, abin da addinin mafi yawan masu karanta wannan shafi ya haramta. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda masu nomanta, har da mai tushe biyu a bayan gida, ke kula da abin da ke biyo bayan girbi.

Hof tsiro ne mai yaɗo, ɗan uwan wiwi a dangin tsirrai, sai dai ba shi da sinadarin wiwi mai sa maye. Saiwarsa na shekaru a ƙasa. Da sanyin hunturu ya wuce sai ta fitar da sabon yaɗo, ya nannaɗe igiya ya hau mita 6 zuwa 7. Akwai namiji akwai mace, macen kuma ake shukawa, domin ita ke yin fure mai ɓawo-ɓawo kamar ɗan tuntu. A cikinsa akwai wani gari rawaya mai danƙo da ake kira lupulin, wanda a nan ɗaci da ƙamshin suke. Shukar na bukatar doguwar yini da tsananin sanyi, shi ya sa ta fi albarka tsakanin digiri 35 zuwa 55 daga layin da ya raba duniya biyu, kamar Hallertau a Jamus, da kwarin Yakima a Amurka, da Žatec a ƙasar Czech, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2023. Kano kuwa tana kan digiri 12.

Turawa sun daɗe da sanin amfaninta. A ƙarni na 12 Hildegard ta Bingen ta rubuta cewa ɗacinta na hana abin sha lalacewa, a 1516 kuma dokar Bavaria ta taƙaita kayan haɗin giya ga ruwa da sha'ir da hof.

Mai noman gida yakan binne gutsuren saiwa a watan Maris ko Afrilu, a wuri mai rana da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. Yakan zaɓi yaɗo biyu ko uku masu ƙarfi ya ɗora a igiya, ya yanke sauran. Shekarar farko ba ya sa rai da yawa. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba sai ya riƙa matsa furen da yatsa. In ya lotsa ya zauna, da saura. In ya yi kamar takarda, ya dawo daidai, ya bar garin rawaya a hannu, lokaci ya yi.

To, a nan gizo ke saƙar. Ɗanyen fure kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari ruwa ne, kuma dole a sauko da shi zuwa kashi 8 ko 10. In aka tara shi a buhu aka kwana, sai ya ɗau zafi ya fara ruɓewa, wahalar shekara ta tafi a banza. Saboda haka a ranar da aka tsinke shi ake baza shi a kan raga mai firam, ba a jibge ba, a ɗaki mai duhu da iska, a kunna fanka, a riƙa juya shi kullum har kwana biyu ko uku. Ba a kai shi rana, domin haske da zafi na kore ƙamshinsa. In za a yi amfani da wuta, ba a so zafin ya wuce digiri 60. Kilo ɗaya yakan koma kimanin giram 250. Shaidar bushewa ita ce a lanƙwasa tsinken da ke tsakiyar furen ya karye. Daga nan sai a matse iskar leda, a rufe, a ajiye a firiza.

A lardin Kent na Ingila an mayar da wannan aiki sana'a mai zaman kanta. An gina rumbunan busarwa masu dogon kai da hular katako da ke juyawa da iska, wuta a ƙasa, fure a bene. Talakawan gabashin Landan sukan zo da iyalansu tsinka kowane Satumba, har marubuci George Orwell ya yi wannan ƙodago a 1931, kafin injuna su karɓe aikin bayan shekarun 1950. Amma mai busarwa, wanda ke kwana yana gadin wuta, shi ne gwanin gona, domin kuskurensa na dare ɗaya na iya ƙone amfanin damina.

Mai karatu, ba za mu noma hof ba, amma muna noma gyaɗa da masara da barkono da tumatir. Duk wanda ya bi hanyoyinmu da rani ya ga kauɗa shanye a gefen kwalta, ƙura da awaki na bi ta kai. Gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba kan yi hunhuna mai gubar aflatoxin, wadda ke lalata hanta, take kuma hana amfaninmu shiga kasuwannin waje. Kowane amfani da irin shanyar da ta dace da shi, wani na son rana wani na son inuwa, amma kayan aikin mai hof na bayan gida, wato raga da katako da sikeli, babu wanda ya fi ƙarfin kafintan ƙauye da ƙungiyar manoma. Ya kamata malaman gona da hukumomin da ke rabon taki da iri kowace damina su ware wa shanya nata kason.