Dalilin da kwamfutar masu susu ke daskarewa lokacin ɗaukar kwafi

A Kotobabi da Maamobi ƙungiyoyin susu da kantunan magani da dama sun bar littafi sun koma kwamfuta. Ina kula da kwamfutocin wasu daga cikinsu, kuma ƙorafin da na fi ji shi ne: “Malam, kullum da ƙarfe tara na dare na'urar nan sai ta tsaya cak.” Sau da yawa lafiyarta ƙalau. Kwafin ajiya ake ɗauka a wannan sa'a, rumbun bayanan kuwa an kulle shi.

Kullen yana da hujja. A ce Hajiya ta tura sidi 200 daga asusunta zuwa na ɗanta ana tsakar kwafi. In an riga an kwafi shafin ɗan kafin kuɗin su shiga, aka kuma kwafi nata bayan sun fita, to a kwafin sidi 200 ɗin ba sa ko'ina. Ranar da dumsor ya ƙona faifai aka dawo da wannan kwafi, wa zai fuskanci Hajiya?

Shi ya sa mysqldump, manhajar kwafi ta MySQL, in ba a ba ta wani umarni ba, take kulle tebura: a karanta, amma ba a rubuta. Mai karɓar kuɗi sai ya jira. Maganin ya daɗe. Tun MySQL 5.5 na 2010 tsarin InnoDB ne ake samu kai tsaye, kuma da umarnin --single-transaction yana riƙe yadda lissafi yake a daƙiƙar da aka fara, ya kwafi wannan, rubutu na ci gaba. Sai dai tsofaffin teburan MyISAM ba sa jin wannan umarni, dole a mayar da su InnoDB tukuna. Kada kuma wani ya sauya fasalin tebur ana cikin kwafi.

Ko babu kulle, nauyi na nan, don faifai ɗaya ne ke hidimar kwafi da ta ciniki. A nan ne nake saɓa wa masu sa ƙarfe tara. Zango bai yi barci a lokacin ba, bayan Isha'i ne ma 'yan kasuwar Nima ke turo zubinsu ta MoMo. Ni ƙarfe biyu na dare nake sawa, in azumi ya zo kuma in tabbatar an gama kafin mutane su tashi sahur.