Ƙyandar Jamus da Haɗarinta ga Mata Masu Ciki

Akwai wata cuta mai kama da ƙyanda wadda likitoci ke kira rubela, waɗansu kuma su ce ƙyandar Jamus, domin likitocin Jamus ne suka fara rarrabe ta da sauran cututtuka masu fesowa. Ƙwayar da ke kawo ta daban take da ta ƙyanda, saboda haka wanda ya yi ƙyanda bai tsira daga wannan ba. An shirya wannan bayani ne domin Hakimai da malamansu na ƙasar Kazaure, da Roni, da Gwiwa, da na Babura a ƙasar Ringim, gama su ne maganarsu ke isa cikin gidajen da malamin asibiti ba ya shiga.

Ga yaro cutar ba ta da ƙarfi. Bayan mako 2 ko 3 da ɗaukarta sai ya yi ɗan zazzaɓi, kaluluwa ta fito masa a bayan kunne da ƙeya, ƙananan ƙuraje su feso a fuska su gangara jiki, cikin kwana 3 sun ɓace. Kusan rabin waɗanda ta kama ma ba su nuna alamar kome. Ta tari da atishawa ake ɗaukarta, tun mako guda kafin ƙurajen su fito har mako guda bayan fitowarsu. Watau yaron da ke wasansa a tsakar gida, ba wanda ya ce ba shi da lafiya, yana iya shafa wa matan gidan duka.

Idan cikinsu akwai mai sabon ciki, nan ne ɓarnar take. Ita uwar za ta warke kamar yadda yaron ya warke, amma ƙwayar takan bi jini ta ratsa mabiyiya ta sami ɗan tayi a daidai lokacin da ido da kunne da zuciya ke haɗuwa. In abin ya faru cikin mako 12 na farko, a mata 10 yakan taɓa 'ya'yan kusan 9. Wata ta yi ɓari, wata ta haifi ɗa ba rai. Wanda ya zo da rai yana iya zuwa kurma, ko da yana a ido, ko da lahani a zuciya, ko da ƙaramin kai da jinkirin hankali, wani ma ya haɗa biyu ko uku. Kurumta ce ta fi yawa, ita ce kuma ta fi ɓuya, don sai an ga yaro ya isa magana bai yi ba sa'an nan a farga. Bayan ciki ya wuce mako 20, da wuya cutar ta yi wa ɗa lahani.

To, waɗannan makonni na farko su ne mace ba ta tabbata tana da ciki ba, in kuwa ta tabbata, kunya ba ta barin ta ta faɗa, balle amarya mai cikin fari. Galibi ba a fara zuwa awo sai ciki ya fito, lokacin kuwa aikin gama ya gama. Ran da aka haihu aka ga fari a idon jariri, wa zai tuna da ɗan zazzaɓin da uwar ta yi wata 7 da suka wuce? Sai a ɗora wa iska, ko maita, ko kishiya, gida ya rikice a kan abin da ba wanda ya aikata.

Likitoci ma sun daɗe ba su gane ba. Sai a 1941 wani likitan ido na birnin Sidni a ƙasar Ostireliya, Norman Gregg, ya lura ana ta kawo masa jarirai masu yana. Da ya bi diddigin jarirai 78, sai ya tarar yawancin uwayensu sun yi rubela da sabon ciki a annobar 1940. Daga baya, a 1964 zuwa 1965, cutar ta kama mutum wajen miliyan 12 da rabi a Amurka, aka haifi jarirai kimanin 20,000 da lahaninta, duk da yawan likitocin ƙasar.

Har yau babu maganin da ke kashe ƙwayar in ta shiga jiki. Abin da ake da shi rigakafi ne. An fara allurarsa a Amurka a 1969, allura guda kuwa tana kare fiye da mutum 95 cikin 100. Da ita ƙasashen nahiyar Amurka suka kawar da cutar, aka tabbatar da haka a 2015. A Nijeriya, cikin watan Oktoba na 2025 aka fara gangamin allurar da ta haɗa ƙyanda da rubela a jihohin Arewa, har da Jigawa, ga yara daga wata 9 zuwa shekara 14, da niyyar ta maye gurbin allurar ƙyanda da aka saba yi wa jarirai.

Lalle wani magidanci zai tambayi Hakimi, in cutar mata masu ciki take yi wa illa, don me za a yi wa 'ya'yansa maza allura? Amsa ita ce ba a yi wa mai ciki wannan allura, kuma wadda aka yi wa ana so ta dakata wata guda kafin ta ɗauki ciki. Hanyar kare mai ciki ke nan biyu: a yi mata tun tana yarinya, a kuma yi wa yaran da ke kewaye da ita, maza da mata, don ƙwayar ta rasa ta inda za ta shigo gidan. Almajirai da yaran rugage suna cikin wannan lissafi, su ne kuwa aka fi tsallakewa. Dattawa za su tuna yadda Hakimai da Dagatai suka tara jama'a aka yi lamba a 1967 da bayanta, har agana ta ƙare.

Ya kamata malamin Hakimi ya riƙe littafi, gari-gari, na gidajen da allura ta tsallake, kamar yadda Dagatai da Masu Unguwanni suka kawo labari, ya miƙa wa shugaban sashen lafiya na Ƙaramar Hukuma. Kowane zazzaɓi mai ƙuraje a kai rahotonsa, domin sai an auna jini ake bambanta ƙyanda da rubela. Mai ciki da ta yi irin wannan zazzaɓi, ko ta zauna da mai yinsa, mijinta ya kai ta asibiti ba tare da jiran ranar awo ba. 'Yan matan da suka haura shekara 14 lokacin gangamin, iyayensu su nemi shawarar likita kafin ɗaurin aure.

Ungozomomi kuma a gargaɗe su su duba idon kowane jariri. Wanda aka ga fari a tsakiyar idonsa, ko ba ya firgita in an yi ƙara kusa da shi, a kai shi Babban Asibitin Kazaure ko na Babura, daga can a tura shi inda ake aikin ido, don yanar jariri in ba a cire ta cikin watannin farko ba gani ba ya komowa sosai. Irin wannan jariri yana iya fitar da ƙwayar a majina da fitsari har shekara guda, saboda haka ran barka da ran suna kada a miƙa shi hannun mace mai ciki.