Ciwon Suga: Girman Malmala Ya Fi Sunan Hatsi Muhimmanci

A gidaje da yawa, da zarar likita ya tabbatar wa mutum yana da ciwon suga, sai a raba shi da shinkafa, a koma tuƙa masa tuwon alkama ko na acca, kowa ya saki jiki wai an shawo kan matsalar. Niyyar mai kyau ce, amma lissafin bai cika ba. Garin alkama, da na masara, da na gero, da na dawa, kusan kashi 70 cikin 100 na nauyin kowannensu sitaci ne, shinkafa kuwa ta ɗara su kaɗan. Kusan duk sitacin da ya isa hanji narkewa yake yi ya koma sukari ya shiga jini, ko daga wane hatsi ya fito. Saboda haka wanda ya tashi da malmala uku ta tuwon alkama ya fi wanda ya ci ɗaya ta shinkafa ɗora wa jininsa sukari. Gaskiya ne hatsin da ba a surfe ba yana sa sukarin ya hau a hankali saboda dusarsa, kuma wannan riba ce, sai dai yawan ci na iya cinye ribar.

Shi ya sa masana abinci ke ba da shawarar a raba faranti gida huɗu: biyu na ganye, irin su zogale, rama, alayyafo da kabeji, ɗaya na kifi, ƙwai, nama ko wake, ɗaya na tuwo, gwargwadon dunƙulen hannun mai ci. A nan al'adarmu ta haɗa hannu a kwano ɗaya ke kawo cikas, domin ba wanda ke ƙirga lomarsa a cikin taro. Ya kamata a zuba wa mai ciwon nasa daban, ko da tare za a zauna. Abin sha ma ya fi tuwo saurin tayar da sukari: kunu, koko, fura da zoɓon da aka zambaɗa wa sukari, balle lemon kwalba mai santilita 50 da ke ɗauke da kusan giram 50 na sukari. Zuma ma, duk da darajarta, yawancinta sukari ce.

Za a ce talaka da tuwo yake cika cikinsa, ina ya ga kuɗin kifi? Wannan ƙorafi ne na gaskiya, musamman a lokacin tsada. Amma wake, ƙuli-ƙuli, awara da kwaɗon zogale ba su kai nama tsada ba, suna kuma riƙe ciki fiye da tuwo zalla, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na wankin ƙoda ko jinyar gyambon da ya ƙi warkewa ba. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu allurar insulin ko ƙwayoyi irin su glibenclamide: idan suka rage abinci farat ɗaya, ko suka tsallake shi, sukarinsu na iya faɗuwa har su suma. Waɗannan kada su rage komai sai likita ya daidaita musu magani.

Mai na'urar gwaji ya auna jininsa awa biyu bayan cin abinci. Idan awon ya saba haura 180 mg/dL, ya kai wa likitansa sakamakon, ya kuma faɗa masa malmala nawa yake ci.