Wasan Gangara A Kan Allo Mai Taya: Gudun Kilomita 146 Ba Inji Ba Birki

Duk wanda ya taɓa saukowa daga tudun Adar zuwa kwari, a yankin Allakaye, Bouza ko Keita da ke jihar Tahoua, ya san yadda gangara ke ƙwace keke daga hannun mai shi. Abin da matafiyi ke tsoro ke nan. Sai dai a wasu ƙasashe akwai matasan da ke ƙarar da kuɗinsu wajen neman irin wannan gangara, su hau allon katako mai ƙananan tayoyi huɗu, su sake shi a kan kwalta.

Wasan ya bunƙasa ne a jihar Kalifoniya ta Amurka a farkon shekarun 1970, bayan fitowar tayoyin roba masu kama titi. A 1975 aka fara gasar gudu a tudun Signal Hill, amma aka daina ta bayan munanan haɗurran da aka yi a 1978. Duk da haka masoyansa ba su haƙura ba. A watan Satumban 2017, wani ɗan Ingila, Peter Connolly, ya kafa tarihi a lardin Kebek na Kanada, inda ya kai gudun kilomita 146.73 a sa'a guda yana tsaye a kan allo.

Kafin gudu, tsayawa

Abin da ake fara koya wa sabon shiga shi ne yadda zai tsaya. Idan gudun kaɗan ne, sai ya sauke ƙafa ɗaya ya goga tafin takalmi a ƙasa. Idan ya yi yawa, sai ya durƙusa, ya dafa kwalta da safar hannu mai ɗauke da roba mai tauri, ya karkatar da allon a gicciye har tayoyin su yi ta gurzar titi. Mai neman ƙarin gudu kuwa yakan sunkuya ya mayar da hannuwansa baya, don rage turjiyar iska.

Ba wasan mutum ɗaya ba ne

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A wajen gasa ana rufe hanya, a jera dammunan ciyawa a kowace kwana, kuma ba a barin kowa ya sauka sai da hular kwano da rigar fata. A ranakun atisaye, wasu kan tsaya a kwanoni suna ba da alama idan mota na tafe, wani kuma ya kwaso 'yan wasa a mota ya mayar da su saman tudu. Wannan dogaro da juna ne ke mayar da baƙi tamkar 'yan gida ɗaya.

Hawan allo ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 2021, amma ban da ɓangaren gangara. A Afirka ta Yamma ma ya fara samun gindin zama, inda aka buɗe filin Freedom a Accra a ƙarshen shekarar.

Adar na da tuddai, amma hanyoyinta na manyan motocin albasa ne, da amalanke, da garken dabbobi. Matashin da ya ga bidiyon wasan a waya ya ji sha'awa, ya tuna cewa a bayan mutum ɗaya da ke gudu akwai wasu da dama da ke tsare masa hanya.