Fizgar fatsa: me ya sa tarwaɗa ke cinye maka tana ta bar maka ƙugiya?

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda ba su samu damar saurara ba.

Wani matashi ne ya turo min saƙo. Ya ce bai daɗe da fara zuwa fatsa bakin kogi ba, tarwaɗa yake nema, amma kullum labarin ɗaya ne: sai ya ji kifi ya taɓa, ya fizga, ya ɗago ƙugiya tsirara. Tana ta tafi, kifi ya tafi. Ya ce har a gida an fara yi masa dariya, ana cewa kiwon kifayen kogi yake yi kyauta, kuma yana tunanin ya haƙura da abin gaba ɗaya.

To ɗan'uwa, kada ka haƙura tukuna. Ni ma na yi wannan zaman. Damina guda na kwashe ina ciyar da kifi kafin kawuna, wanda masunci ne, ya zauna kusa da ni wata yamma ya kalli hannuna. Bai ce komai ba sai da na fizga sau uku a banza, sannan ya ce, "Yaro, kai kake ƙwace mata abincin daga baki." Abin da ya nuna min a ranar shi zan faɗa maka.

Mu fara da yadda tarwaɗa ke cin abinci, domin sai ka san wannan za ka san lokacin fizga. Tarwaɗa ba da ido take farauta ba sosai. Tana da gashin baki guda 8, huɗu ta kowane gefe, da su take laluben abinci tana ɗanɗanawa, shi ya sa ta fi kiwo da dare da kuma cikin ruwa mai dauɗa. Idan ta iso wurin ƙugiyarka, sau da yawa sai ta fara shafa tanar da gashin bakin, ta ɗan tura ta, ta ɗauka ta saki. Wannan shi ne "tak, tak" ɗin da kake ji a hannu. A lokacin ƙugiya ba ta shiga bakinta ba. In ka fizga, iska ka fizga.

Wani lokacin ma mai taɓawar ba tarwaɗa ba ce. Ƙurungu ne, ko ƙananan karfasa. Ƙurungu bakinsa ƙarami ne kuma yana ƙasa, sai ya yi ta gutsurar tana har ta ƙare. Taɓawarsu sauri-sauri ce kamar kaɗawar waya. Ta tarwaɗa kuwa tana da nauyi. In ta yarda da abincin, sai ta zuƙe shi, ta rufe baki, ta juya ta kama hanya. Nan za ka ga zare ya miƙe yana tafiya, kan sanda ya sunkuya bai dawo ba. In kana amfani da totuwa ko gutsuren silifa a kan ruwa, za ka ga ya nutse ya yi gefe, bai sake ɓullowa ba. Wannan ne lokacinka.

Saboda haka abu na farko: ƙyale taɓawar farko. Ka bari sai ka ji nauyi yana janka. In hannunka na rawa, ƙirga ɗaya, biyu, uku a zuci bayan zaren ya fara tafiya. Amma kada ka wuce gona da iri, domin in ka daɗe za ta haɗiye ƙugiyar har ciki, cirewa ta zama aiki, ko kuma ta shige da kai cikin saiwoyi.

Abu na biyu, kuma nan ne kogi ya bambanta da tafki: sakin zare. Ruwan kogi yana gudu, yana tura zarenka ya yi lanƙwasa kamar baka tsakaninka da ƙugiya. Idan ka fizga a haka, ƙarfin hannunka a wurin miƙe zaren zai ƙare, ko kusa da bakin kifin ba zai kai ba. Ƙari a kan haka, zaren roba yana miƙewa kamar danƙo, musamman in ka yi jifa mai nisa. Don haka bayan ka jefa, ka bari dalma ta zauna a ƙasa, sannan ka janyo rarar zaren a hankali har ka ji nauyin dalmar. In ruwa yana ta jan ta tana birgima, ƙara nauyi. Kuma a matsayinka na sabon shiga, gara ka yi jifa kusa. Tarwaɗa na son gindin gaɓa, ƙarƙashin ciyawa, bayan itacen da ya faɗi cikin ruwa, da gurbin da ruwa ke lafawa a kwanar kogi. Ba sai ka kai tsakiya ba.

Abu na uku shi ne ita kanta fizgar. Yawancinmu in muka ji kifi sai mu zabura mu wulla sanda sama da dukkan ƙarfi, kamar mai sare itace. Sakamakon biyu ne: ko ƙugiya ta fito daga baki, ko zare ya tsinke a wurin ƙulli. Yadda ya kamata shi ne, in kifi ya fara ja, ka ɗan sunkuyar da kan sanda wajen ruwa, ka tabbata zare ya miƙe tsaf, sannan ka ɗaga sandar da ƙarfi a tafiya ɗaya, doguwa, daga wajen gwiwa zuwa kafaɗa. In zaren hannu kake yi ba sanda, ka ja kamar tsawon kamu biyu, a jere ba tsayawa. Sau ɗaya ya isa. Maimaita fizga yana faɗaɗa ramin da ƙugiya ta huda, ta samu hanyar fita. Kuma don Allah kada ka naɗe zare a yatsa. Babbar tarwaɗa in ta yunƙura, zaren roba yanka yake yi kamar reza. Naɗe shi a guntun itace ko kwalbar roba.

Yanzu ka duba irin ƙugiyar da ke hannunka, domin duk abin da na faɗa game da fizga na ƙugiyar da muka saba ce, mai kama da mariƙin lema. Akwai wata iri da tsininta ya lanƙwaso ciki yana kallon jikinta, ta kusa zama zobe. Wannan ba a fizgar ta sam. Yadda aka ƙera ta, idan kifi ya ɗauka ya juya, zare na miƙewa sai ta zamo a hankali ta maƙale a kusurwar baki da kanta. In ka fizga, zuruf za ta fito. Aikinka kawai ka riƙe, ka bar sanda ta lanƙwasa, ka fara jawowa a hankali. Ga wanda hannunsa bai saba ba, ko mai kafa sanduna biyu uku a gaɓa da dare, wannan ƙugiyar ta fi sauƙi in ka same ta.

Sai kaifi. Bakin tarwaɗa yana da kauri, kuma a ciki akwai wasu ƙananan haƙora a jere masu kaushi. Dakusasshiyar ƙugiya zamewa take yi a kansu. Gwajin ba wuya: ɗora tsinin a kan farcen babban yatsanka ka ja a hankali. In ya kama farcen, da kaifi. In ya zame, ka wasa shi da dutse ko ka canza. Ka riƙa dubawa duk lokacin da ta maƙale a dutse ko itace, domin nan take dakushewa.

Kuskuren da na fi gani wurin sababbi shi ne ɓoye tsini. Sai mutum ya cusa ƙugiya duka cikin hanjin kaza ko yankan kifi, wai kada kifi ya gani. Tarwaɗar da ke kiwo cikin duhu da laka ba ruwanta da ganin ƙarfe. In ka binne tsinin, sai ya fara huda naman da ka sa kafin ya kai ga bakin kifi, kuma ba ya kaiwa. Ka soke abincin ta gefe ɗaya, tsini da kunnen ƙugiya su fito fili. In tana ce, ka soke ta sau biyu ko uku ka bar wutsiya tana motsi. Girman ƙugiya kuma ya dace da abincin: in yankan ya cike tsakanin tsini da jikin ƙugiya, ko ka rage yankan ko ka ɗauki babba.

To, ta kama. Kada ka saki zare ko na daƙiƙa ɗaya. Tarwaɗa birgima take yi tana murɗawa, kuma kai tsaye take nufar saiwa ko ciyawa. Riƙe sanda a sama, ka karkatar da kanta daga wurin. In babba ce, kada ka ɗaga ta sama da zare, janyo ta kan gaɓa mai gangare. Wurin kamawa ka lura da ƙayoyin da ke gefen kanta guda biyu, suna da tsini kuma sukarsu na da raɗaɗi. Ka riƙe ta ta bayan kai, yatsunka a bayan ƙayoyin. Ƙurungu ya ma fi ta, shi har da ta gadon baya.

Ga aikin da zan ba ka na wannan mako. In ka je kogi, kifi uku na farko da suka taɓa, kada ka fizga ko kaɗan. Ka ɗora yatsa a kan zare, ka saurara kawai, ka ji bambancin gutsura da ja. Za ka yi asarar tana uku, na sani. Amma daga na huɗu hannunka zai fara gane abin da baki ba zai iya koya maka ba. Ka je da la'asar sakaliya ka zauna zuwa bayan magariba, lokacin da take fitowa kiwo, kuma kada ka je kai kaɗai in ruwa ya cika.

In ka gwada, ka turo min yadda ta kaya, ko ka kama ko ba ka kama ba. Masuntan da ke tare da mu a wannan shafi, ku ma ku faɗa mana yadda ake yi a kogin garinku, domin kowane ruwa da halinsa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi magana kan ƙullin ƙugiya, wanda ba ya warwarewa in kifi ya ja.

Allah ya ba da sa'a, ya tsare mu a ruwa da tudu. Sai mun sake haɗuwa.